Baƙo a Masana'antar Giya: Tarihin Wata Al'adar Ziyara a Turai daga 1787

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba tarihin wata al'ada ta mutanen Turai, watau ziyarar masana'antun giya domin kallo da ƙarin sani. Galibin mahalarta wannan taro ba ruwansu da abin da ake dafawa a irin waɗannan wurare, addini da tarbiyya sun raba su da shi. Amma mai nazarin tarihin masana'antu ba shi da halin tsallake su, domin a ƙarshen ƙarni na 18 masana'antun giya suna cikin ma'aikatu mafiya girma da jari a birnin Landan, kuma wani kaso mai yawa na abin da muka sani game da su ya zo mana ne ta bakin baƙin da suka shiga suka fito suka rubuta. Saboda haka tambayar da za mu bi ita ce: me baƙon ya je nema, me aka nuna masa, me kuma aka kawar da idonsa daga kai? Za mu ga cewa amsar ta sauya fiye da sau ɗaya, kuma kowane sauyi yana da nasa tasiri a kan darajar rahoton baƙon a matsayin hujjar tarihi.

Kafin mu shiga, ya kamata a faɗi yadda aikin yake a taƙaice, don kalmomin da za su biyo baya su zauna. Ana jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, kamar dai yadda ake yi wa dawa ko gero in ana son zaƙin tsiro a kunu. Sa'an nan a busar da shi a kan wuta, a ɓarza, a kwaɓa da ruwan zafi, a tace ruwa mai zaƙi. Wannan ruwa ake tafasawa tare da furen wani tsiro mai ɗaci da ake kira hop, a bar shi ya huce, a zuba masa yis, ya tsima. Ganga ɗaya a ma'aunin Ingila tana cin galan 36.

Zamanin kallon girma

Samuel Whitbread ya kafa masana'antarsa a titin Chiswell a Landan a 1750, domin dafa wata baƙar giya da ake kira porter, wadda talakawan birnin suka fi sha. Wannan giya tana da wata siffa da ta sa ta dace da babban jari: tana jure ajiya ta watanni a manyan randunan katako, kuma mai randa mafi girma shi ne mai araha. A 1785 Whitbread ya sa injin tururi na kamfanin Boulton da Watt, wanda ya karɓi aikin niƙa da jan ruwa daga dawaki. Bayan shekara biyu, a 1787, Sarki George na Uku da Sarauniya Charlotte suka zo da kansu suka zaga wurin. A 1796 masana'antar ta zama ta farko da ta dafa sama da ganga 200,000 a shekara guda.

Abin lura a nan shi ne, sarki bai je Chiswell don ɗanɗano ba. Inji ya je gani, da randuna, da rumbunan ƙarƙashin ƙasa. Masaƙun zamani na Lancashire suna da nisa, ga hanya ba kyau, alhali masana'antar giya tana tsakiyar birni, ana iya zuwa a keken doki a dawo kafin azahar. Ga mutumin Landan, da kuma baƙon da ya zo daga ƙetare, nan ne wuri mafi kusa da zai ga sabon zamanin injuna da idonsa. Masu masana'antun kuwa sun gane haka, har suka shiga gasar gina randuna, kowa yana son a ce tasa ta fi ta kowa.

Wannan gasa tana da nata farashi, kuma waɗanda suka biya shi ba su taɓa sa hannu a littafin baƙi ba. Ran 17 ga Oktoba 1814, a masana'antar Meux da ke kan titin Tottenham Court, ƙarfen da ya ɗaure wata randa mai tsawon ƙafa 22 ya tsinke. Randar ta fashe, ta fasa wasu, giyar ta rusa bangon baya ta kwarara cikin unguwar St Giles, inda matalauta, yawancinsu 'yan Ailan, suke zaune a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Mutum takwas suka mutu, mata da yara. Masu binciken mutuwar suka yanke cewa tsautsayi ne, ba a ɗora wa kowa laifi ba, kamfanin ma har an mayar masa da harajin da ya riga ya biya a kan giyar da ta zube. Baƙo yana shiga ta ƙofar gaba ne. Unguwar da ke jingine da bangon baya ba ta cikin zagayen.

Wadda ta fi kowace jan baƙi a ƙarni na 19 ita ce masana'antar Anchor da ke Southwark, a kudancin kogin Thames. A 1781 aka sayar da ita ga Barclay da Perkins a kan fam 135,000, bayan mutuwar mai ita Henry Thrale, kuma marubucin nan Samuel Johnson yana cikin wasiyyan da suka kula da cinikin. Zuwa 1815 tana dafa sama da ganga 300,000 a shekara. Manyan baƙi daga Turai, har da Bismarck, sun zaga ta. A nan ne kuma abin da ya fi kowane shahara a tarihin wannan al'ada ya faru.

Ran 4 ga Satumba 1850 wani janar na Ostiriya, Julius von Haynau, ya zo kallo. Sunansa ya riga shi isowa. Shi ne ya murƙushe tawayen Brescia a Italiya da na Hangari a 1849, da rataye mutane da sa a yi wa mata bulala, har jaridu suka laƙaba masa suna Kurar Brescia. Ma'aikatan masana'antar, musamman masu tuƙa amalanken giya, suka gane shi, da ma dogon gashin bakinsa ba ya ɓoyuwa. Suka rufe shi da jifa da laka da kashin doki, suka bi shi da tsintsiya har titi, ya ruga ya ɓuya a wani gidan saukar baƙi da ke bakin kogi, sai da 'yan sanda suka zo suka tsallakar da shi a jirgin ruwa. Gwamnatin Ostiriya ta nemi a ba ta haƙuri. Ministan harkokin waje, Palmerston, wanda zuciyarsa tana tare da ma'aikatan, ya yi ta jan ƙafa, har ya sami saɓani da Sarauniya Victoria a kan kalmomin wasiƙar. Da Garibaldi ya zo Landan a 1864, ya je masana'antar musamman don ya gode wa mutanen da suka yi wannan aiki.

A ganina muhimmancin wannan labari ga batunmu ya wuce abin dariyar da ke cikinsa. A rahotannin baƙi na wancan zamani ma'aikaci yakan fito ne a matsayin wani ɓangare na kayan kallo: ƙato ne mai ƙarfi, ana ambatarsa tare da manyan dawakin da yake kora. Ranar Haynau ce ta nuna cewa waɗannan ƙattai suna karanta jarida, suna bin labarin Hangari, suna kuma da ra'ayi a kan wanda ya cancanci a karɓe shi baƙo. Mai gida ya yi maraba, 'yan aiki suka ce ba su yarda ba.

Baƙon da ya zo da sanda

Akwai wani irin baƙo dabam, wanda kallon girma bai dame shi ba. A 1833 wasu samari biyu, 'ya'yan masu dafa giya, Gabriel Sedlmayr na masana'antar Spaten a Munich da Anton Dreher na Schwechat kusa da Viyana, suka zaga Ingila da Sikotilan. Dukansu ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Abin da ya kai su shi ne, Ingilishi sun riga kowa amfani da ma'aunin zafi da ma'aunin sukari wajen dafuwa, sun kuma iya busar da tsiro da iska mai zafi ba tare da hayaƙi ya taɓa shi ba, don haka tsironsu yakan fito fari. An karɓe su da mutunci, an zaga da su, amma ba a gaya musu abin da suka zo ji ba. Sai suka sa aka yi musu sanda mai rami a ciki da ɗan murfi a ƙasa. In mai rakiya ya juya baya, sai a tsoma sandar a randa, a koma masauki a auna abin da aka ɗebo. Sedlmayr da kansa ya ba da labarin wannan dabara a wasiƙun da ya aika gida.

Sakamakon tafiyar bai tsaya a kansu ba. Dreher ya fitar da giyar Viyana mai launin jan ƙarfe a 1841, ta hanyar haɗa tsiro irin na Ingila da tsimin sanyi irin na Bavariya. A Oktoban 1842 Josef Groll, wani mutumin Bavariya da aka ɗauka aiki a Pilsen ta ƙasar Bohemiya, ya dafa giya mai ruwan zinariya wadda irinta ce ta mamaye duniya daga baya. A 1845 kuma wani ɗan Denmak, J. C. Jacobsen, ya ziyarci Sedlmayr a Munich, ya koma Kopenhagen da yis ɗin Spaten, yana sanyaya shi da ruwa a kowane zango don kada ya mutu a hanya. Da shi ya kafa Carlsberg a 1847. Wanda ya shiga gidan wasu da sanda mai rami, shi ne ya ba nasa baƙon iri da hannunsa.

Jacobsen ya ɗauki wannan hali ya mai da shi ƙa'ida. Ɗakin binciken da ya kafa a 1875 an shar'anta masa cewa ba za a ɓoye sakamakon bincikensa ba. A can Emil Christian Hansen ya ware tsantsar irin yis guda a 1883, aka kuma raba shi ga sauran masu dafa giya. A can ne Sørensen ya fito da ma'aunin tsami na pH a 1909, wanda kowane ɗalibin kimiyya yake amfani da shi a yau. Kamfanin Guinness na Dablin ya bi wata hanyar. William Gosset, wanda ya shiga aikin kamfanin a 1899, ya gano hanyar yanke hukunci daga samfuri kaɗan sa'ad da yake gwajin sha'ir da yis, amma da ya zo bugawa a 1908 sai da sunan aro, Student, domin kamfanin ba ya barin ma'aikatansa su buga bincike da sunansu. Malaman lissafi da ke nan sun san gwajin da ake kira da wannan suna. Duk baƙon da ya zaga St James's Gate a wancan lokaci ya ga randuna da ƙaramin jirgin ƙasan da ke yawo a cikin harabar, bai ga abin da ya fi su daraja ba.

Wani lokaci kuma baƙon ne yake zuwa da ilmin. Louis Pasteur, wanda haushin kayen da Jamus ta yi wa Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871 ya sa shi neman gyara giyar ƙasarsa, ya ziyarci Whitbread a 1871. Ya nemi a ba shi yis, ya duba a madubin ƙara girma, ya nuna wa masu gidan ƙwayoyin da ke ɓata musu dafuwa. Da ya komo bayan 'yan kwanaki ya tarar sun sayi nasu madubin.

Alfred Barnard da matsalar hujja

Daga tsakiyar ƙarni na 19 cibiyar sana'ar a Ingila ta koma Burton, wani ƙaramin gari a bakin kogin Trent, wanda ruwan rijiyoyinsa yake da sinadarin da ya dace da farar giya mai ɗaci. Jirgin ƙasa ya iso garin a 1839. Kamfanin Bass, wanda aka kafa a 1777, ya kai ganga miliyan ɗaya a shekara wajen 1877, kuma jan tambarinsa mai kusurwa uku shi ne alamar kasuwanci ta farko da aka yi wa rajista a Birtaniya, a 1876. Har tashar jirgin St Pancras a Landan, da aka buɗe a 1868, an tsara tazarar ginshiƙan ƙarƙashinta bisa tsawon gangunan Burton.

A wannan zamani buɗe ƙofa ga baƙi ya sami sabon dalili. Ƙungiyoyin yaƙi da shan giya sun yi ƙarfi, ga kuma zargin algus. A 1852 aka baza jita-jitar cewa ana zuba gubar strychnine a giyar Burton don ƙara mata ɗaci, sai kamfanin Allsopp ya nemi masana kimiyya, Thomas Graham da August Hofmann, su gwada, suka kuma wanke ta. Masu masana'antu suna neman mutunci a idon jama'a, sun kuwa samu: a 1886 aka ba shugabannin gidajen Bass da Allsopp sarautar Lod. Baƙon da zai fita ya ba da labarin tsabta da tsari ya zama abin nema.

Ba wanda ya cika wannan gurbi kamar Alfred Barnard. Bayan ya zaga wuraren dafa wiski ya buga littafi a kansu a 1887, sai ya juya ga giya, ya ziyarci masana'antu sama da 110, ya fitar da Noted Breweries of Great Britain and Ireland cikin juzu'i huɗu tsakanin 1889 da 1891. Shi ne kakan duk masu yawon masana'antun giya na yau. Yakan faɗi jirgin da ya hau, da wanda ya tarbe shi, da tsawo da faɗin kowane ɗaki, da yawan tukwanen tagulla da dawaki. Yawancin gine-ginen da ya bayyana an rushe su, saboda haka in ba don shi ba da ba mu san fasalinsu ba.

Amma fa dole a karanta shi da hattara. Barnard baƙon mai gida ne, manaja ko shugaban masu dafuwa ke riƙe da hannunsa tun daga ƙofa har ƙofa, kuma da wuya ka same shi ya kushe wani abu. Kowane ɗaki mai tsabta ne, kowane mai gida karimi ne. Wanda ke neman awon gini da irin injuna zai dogara da shi ya kwana lafiya. Wanda ke neman albashi, da tsawon sa'o'in aiki, da halin mutanen da ke juya tsiro da shebur a cikin zafi, sai ya nemi wata ƙofar. Baƙo idonsa tuwo, in ji Hausawa. Na Barnard kuwa yana kan abin da aka ajiye masa a gaba.

Juyawar ido zuwa ga ƙarami

A 1900 masana'antun giya a Birtaniya dubbai ne. Zuwa shekarun 1970 ba su kai 200 ba, kuma manyan kamfanoni shida, watau Bass Charrington, Allied, Whitbread, Watney Mann, Courage da Scottish & Newcastle, su ke dafa wajen kashi uku cikin huɗu na abin da ake sha. Sun kuma fi son giyar da aka tace, aka kashe yis ɗinta da zafi, aka cusa mata iska a tulun ƙarfe, domin ba ta lalacewa da wuri, maimakon ta gargajiya wadda take ci gaba da tsima a cikin ganga. A 1971 wasu samari huɗu 'yan Ingila suka kafa ƙungiyar CAMRA don kare ta gargajiyar. A 1977 marubuci Michael Jackson, wanda ba shi ne mawaƙin Amurka ba, ya buga littafinsa a kan giyoyin duniya, ya rarraba su iri iri bisa garuruwan da suka fito.

Daga nan mai sha'awa ya daina neman randa mafi girma. Ya koma neman ƙaramin gida mai tsohon kayan aiki, wanda ake tsoron gobe ba za a same shi ba. Misali mafi kyau shi ne Cantillon a Brussels, wadda aka kafa a 1900. Ba a zuba yis a can. Ana shanya ruwan zaƙin ne a wani faffaɗan faranti na tagulla a ƙarƙashin rufi, a bar iskar dare ta kawo nata ƙwayoyin, don haka ba a dafuwa sai a watannin sanyi. Ko yanar gizo-gizo ba a sharewa, domin gizo-gizon ke kama ƙudaje. Kasuwar irin wannan giya ta faɗi ƙwarai, har Jean-Pierre Van Roy ya mai da gidan wurin tarihi mai aiki a 1978, kuɗin shigar baƙi ya taimaka aka ci gaba da hura wuta. Abin da Barnard zai kira ƙazanta shi ne abin da baƙon yau yake biya ya gani.

Manyan kamfanoni ba su yi barci ba, sai dai sun raba wurin kallo da wurin aiki. Heineken ta daina dafuwa a tsohuwar masana'antarta ta Amsterdam a 1988, ta mai da ginin wurin baƙi. Guinness ta buɗe Storehouse a 2000 a cikin wani gini na 1904 inda a da ake tsima giya, kuma a 2019 mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai suka shiga. Ana nuna musu takardar hayar 1759, ta shekara 9,000 a kan fam 45 a shekara, da tsofaffin tallace-tallace, a hau da su bene na sama su hangi Dablin. Ainihin dafuwar tana gudana a wani sashe na harabar, a cikin rufaffun tankunan ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, inda mai tikiti ba ya zuwa. Sarki George ya ga injin Whitbread yana juyawa. Baƙon Storehouse hoton aiki yake gani. Rahotonsa hujja ce a kan yadda kamfani yake son a tuna da shi, kuma iyakarta ke nan. Wuraren da suka riƙe ainihin kayan tarihin ma ba su da tabbas: gidan tarihin da Bass ta buɗe a Burton a 1977 an rufe shi a 2022. Chiswell ta daina dafuwa a 1976, injinta na 1785 kuwa yana wani gidan tarihi a birnin Sidni na Ostireliya.

Akwai kuma waɗanda suka ƙi buɗe ƙofar sam. Sufayen Kirista na gidan ibadar Sint-Sixtus a Westvleteren, a yammacin Beljiyam, suna dafa giya tun ƙarshen shekarun 1830, gwargwadon abin da zai riƙe gidan kawai. A 2005 masu sha'awa suka zaɓi ɗaya daga giyoyinsu a matsayin wadda ta fi kowace a duniya, motoci suka yi layi a ƙauyen, sufayen ba su ƙara yawan dafuwa don haka ba. Mai so sai ya nemi izini tun da wuri, a ba shi rana da sa'a, ya zo bakin ƙofa a sa masa 'yan akwatunan da aka ƙayyade a mota, bisa alkawarin ba zai sayar ba. Cikin masana'antar kuwa ba a shigar da baƙo.